Kafin Yaro Ya Koyi Kaye, Sai Ya Koyi Faɗuwa

Yau ina so ne in ba ku labarin yaran layinmu da kokawa, da kuma wani kuskure da na tafka wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Mai yiwuwa wani daga cikinku ya amfana, ya kauce wa ramin da ni na faɗa.

Ni dai a Sabo ta Badun aka haife ni, nan aka binne cibiyata. Mahaifina fataucin goro yake yi kamar yadda nasa mahaifin ya yi, yana saye daga Shagamu da Ife da Ondo, a zauna a tsince, a jera a huhu, a ɗora wa mota zuwa Sakkwato. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Illela, dab da iyakar Nijar, ta yadda mutanenmu zuwa kasuwar Ƙonni ya fi musu sauƙi a kan zuwa Sakkwato. Tun da na gama sakandare ban ci gaba ba, ina rumfar Baba ina ƙirgar goro da rubuta bashi.

Farkon haɗuwata da kokawa ta gaskiya ina ɗan shekara 13, lokacin da Baba ya tura ni gida hutun ƙarshen shekara, an gama girbi rumbuna sun cika. Da yamma aka taru a dandali, makaɗa suna ta aiki, samari suna kirari, kuma kamar yadda aka saba yara ne ke buɗe fage kafin manya. Aka tura ni ciki aka haɗa ni da wani siririn yaro wanda na tabbata na fi shi cin abinci. Na rungume shi na ɗaga, ya maƙale mini ƙafa, gwiwata ɗaya ta dungura ƙasa, na miƙe da sauri na maka shi da ƙasa. Ina murna ina jiran tafi, sai na ga an ɗaga hannunsa. Na tsaya ina gardama da Hausata mai gauraye da Yarabanci, dandali kuwa ya kwashe da dariya, ana cewa ɗan kurmi bai san kaye ba. Daren nan kakana, Allah ya jiƙansa, ya ce da ni a garin nan gwiwa ko hannu in ya taɓa ƙasa magana ta ƙare, abin da ya biyo baya duk wasan banza ne. Ya ce kayen bai ba shi kunya ba, gardamar ce ta ba shi kunya. Daga nan duk hutun da na samu na je gida sai na bi 'yan kokawar garin, har na ɗan iya abin da ba a rasa ba.

To a nan Sabo fa yaranmu ba wannan kokawar suka sani ba. Abin da suka sani shi ne resilin ɗin Amurka da suke kallo a talabijin da waya, inda mutum zai hau igiya ya diro a kan ɗan uwansa, ko ya ɗauki kujera ya kwaɗa masa. Ba su san cewa shiri ba ne. Wata rana na dawo daga rumfa na tarar da autanmu ya hau bencin mai shayi zai diro wa wani yaro a ciki, sauran suna ihu. Na tsawata musu, na ce in kokawa kuke so ku zo ranar Alhamis in nuna muku irin ta iyayenku. Na zaɓi Alhamis da Juma'a ne saboda su ne ranakun da babu Islamiyya.

Ranar farko yara 9 suka zo. Na kai su wani ɗan fili bayan gidanmu inda ake shanya, ƙasar wurin jar ƙasa ce mai tsakuwa, tauri kamar siminti, irin ta Badun da kuka sani. Ban yi tunanin komai ba, na nuna musu yadda ake taɗiya da yadda ake kama ƙugu, na haɗa su biyu-biyu na ce a fara. Ba a yi minti 10 ba aka taɗe ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara 10, ya tafi da baya, ya kafa hannu don ya tare faɗuwar. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin wuyan hannu ya tsage, aka naɗe masa hannun na makonni.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi kuɗin asibiti daga ɗan abin da nake tarawa za su fito, sa'an nan ya tasa ni gaba har ƙofar gidan su yaron. Na tsuguna na ce, “Iya, ki yi haƙuri, laifina ne.” Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce ta haƙura don darajar Alhaji, amma ɗanta da kokawa har abada. Na ce na ji. A raina kuwa na riga na yanke cewa ni ma na bar ta ke nan.

Wanda ya dawo da ni kan maganar wani dattijo ne mai gadin shaguna a bakin layinmu, mutumin ƙasar Tawa, kowa Baba maigadi yake kiransa. Duk ƙarshen shekara in an fara kokawar Takobi a Nijar za ka gan shi manne da waya ko rediyo, ba ya ko amsa gaisuwa. Shi ya ba ni tarihin gasar, cewa a garin Tawa aka fara ta a 1975, Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, kuma yanzu jihohi 8 ne kowacce ke kawo 'yan kokawa 10. In ya fara maganar su Salma Ɗan Rani da Langa-Langa da Isaka Isaka na Doso sai ka rantse tare suka tashi. Da ya ji abin da ya faru sai ya kira ni ya ce, “Samari, mi ka yi haka? Ɗiyan ga ba su iya hwaɗuwa ba, kai ko kana koya musu kaye. Mu sadda muna ƙanana wa ya koya muna kokawa? Wasa muka yi cikin rairai har jiki ya gane.” Ya ce in zan sake, in nemi yashi, kuma in yi wata guda ban bar kowa ya ka da kowa ba.

Na ɗauki kusan wata biyu kafin in samu ƙarfin halin komawa wurin Baba da maganar. Ya ce in je in ji ta bakin malamin Islamiyyar yaran tukuna. Malam ya saurare ni, ya ce kokawa ba baƙuwa ba ce a addini, domin ya zo a tarihi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya ka da shi. Amma ya kafa mini sharuɗɗa: ban da laya da guru, ban da caca a kan yara, wando ya rufe gwiwa in za a iya, kuma da an kira magariba a watse. Ya ƙara da tunatar da ni ma'anar hadisin nan da ke nuna cewa mai ƙarfi na haƙiƙa shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. A lokacin na ɗauka wa'azi ne kawai irin na malamai, ban san a kan wannan gaɓar aikin duka zai tsaya ba.

Muka haɗa kuɗi ni da abokaina biyu muka sayi yashi wurin masu buga bulo, muka je Bodija wurin masu yankan katako muka ɗebo garin katako buhu-buhu muka shimfiɗa a ƙasa, yashin a sama. Tsofaffin buhunan rumfarmu muka cika da ƙasa muka kewaye wurin, ya zama fage. Na je gida-gida na nemi izinin iyaye, wasu suka ba ni, wasu suka ce a kai kasuwa.

Wasan farko da muka fara yaran ne suka sa masa suna “buhu”. Yaro zai tsuguna, ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu, ya manne haɓarsa da ƙirji, ya mirgina da baya kamar buhun da aka turo daga mota, sa'an nan ya tashi. Duk wanda ya saki hannu ya kafa a ƙasa, ko ya bari ƙeyarsa ta bugi yashi, ya fita. Wanda ya rage shi ne sarkin buhu na ranar. Daga tsugune muka koma rabin tsayuwa, daga baya muka koma gefen dama da na hagu. Mako biyu cur ba mu yi komai ba sai wannan, har wasu suka gaji suka daina zuwa, suna cewa su kokawa aka ce musu ba birgima ba. Ban hana su tafiya ba, domin na riga na ga abin da kafa hannu yake jawowa.

Na biyu shi ne langa, wadda abin mamaki yawancinsu ba su taɓa yi ba. Mun fi yin irin ta mutum biyu da ake kira tureshi, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, ana tsalle ana ture juna da kafaɗa. Amfaninta biyu ne. Tana koya wa yaro tsayuwa da sanin inda nauyinsa yake, sa'an nan a cikinta ne yaro ke fara yarda da ƙa'ida ba tare da an yi masa dogon bayani ba, domin kowa ya san in ka saki ƙafa ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka, ko da kuwa ba ka ji zafi ba. Wannan ne abin da ni ban gane ba a dandalin ƙauyenmu, ina ganin sai an maka mutum da ƙasa ya ji a jikinsa ne aka yi kaye.

Daga langa muka wuce zuwa wasan da muke kira “ƙasa wuta ce”. Yara biyu za su kama dantsen juna, ba taɗiya, ba ɗagawa, sai ja da turi da sakin jiki ba zato. Tafin ƙafa kaɗai aka yarda ya taɓa yashi. A nan ne muka kawo wata 'yar dabara da ta yi mana amfani fiye da yadda na zata: kafin a shiga kowa sai ya karkaɗe gwiwoyinsa da tafin hannunsa ya nuna wa alƙali. Yaro in ya yi gumi, gwiwarsa na taɓa ƙasa yashi zai manne, don haka in gardama ta tashi ba a tambayar 'yan kallo, gwiwa ake dubawa. Saboda haka ma muka roƙi Malam ya bari a ɗan naɗe wando lokacin da ake cikin fage, ya ce ba laifi tunda yara ne.

Sai bayan wata guda da 'yan kwanaki na bari aka fara kokawa sosai, ita ma bisa girman jiki, ba bisa shekaru ba, kuma da jerin abubuwan da aka haramta waɗanda muke maimaitawa da baki ɗaya kafin a fara: ba duka, ba shaƙe wuya, ba murɗe yatsa ko hannu, ba jan wando, ba a ɗaga mutum a sake shi ta ka.

Ana nan sai wani abu ya shigo da ban shirya masa ba. Filin wasa na Adamasingba ba shi da nisa da mu, da ƙafa ma ana zuwa, kuma a can na haɗu da wani Bayarabe mai horar da 'yan kokawar zamani, irin wadda ake yi a kan katifa a gasar Olamfik. Da na ba shi labarin yaranmu ya ji daɗi ƙwarai, ya ce su ma Yarabawa suna da tasu ta gargajiya da suke kira gidigbo. Ya tuna mini cewa lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa ita ce azurfar da Blessing Oborududu 'yar jihar Bayelsa ta ci a Tokyo a 2021, kuma Daniel Igali da ya ci wa Kanada zinare a Sidni a 2000 shi ma ɗan Bayelsa ne da ya taso da kokawar gargajiya ta garinsu. Ya ce in ina so wata rana ɗaya daga cikin yaran nan ya shiga gasar makarantu ko ta jiha, to lalle ya san lissafin maki tun yanzu.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni kuma na rubuta a bayan littafin bashi. A irin wadda ake yarda a kama ƙafa, manya suna yin zagaye biyu ne na minti 3 kowanne, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, yara kuma minti 2. In ka tura abokin karawarka ya taka wajen da'ira kana da maki 1. In ka kai shi ƙasa ka zagaya bayansa ka mallake shi, maki 2. In yana ƙasa ka juya shi bayansa ya fuskanci katifa, maki 2. In daga tsaye ka jefa shi ya sauka ta wajen bayansa, maki 4, jifa mai tsawo da ban sha'awa kuma har 5. Wanda ya ba da tazarar maki 10 ya gama, haka ma wanda ya danne kafaɗun ɗan uwansa biyu a ƙasa, ko da kuwa shi ake ci. Canjaras babu: in maki ya zo daidai ana duba wanda ya yi kamu mafi tsada, da wanda ya fi ƙarancin gargaɗi, in duk sun yi daidai sai a ba wanda ya ci makin ƙarshe. Ɗaya yana sa ja, ɗaya shuɗi, alƙali kuma yana ɗaga hannun da ke da launin wanda ya ci ya nuna adadin da yatsu.

Da na karanta wa yaran wannan sai suka zuba mini ido kamar ina karanta musu takardar kotu. Nan na tuna maganar Baba maigadi, na ce to kowane maki sai mun nemo masa wasansa. Na maki 1 shi ne “gidana”: a zana da'ira a yashi, mutum biyu su shiga, hannu a ƙirjin juna ko a kafaɗa, wanda ƙafarsa ta fita an ci shi ɗaya. Na maki 2 shi ne “wutsiya”: kowa ya soke tsumma a bayan wandonsa, wanda ya zagaya ya fizge na ɗan uwansa ya ci biyu, kuma ba a yarda ka miƙa hannu ta sama ba sai ka zagaya da ƙafarka. Wannan wasan ya fi kowanne farin jini, kuma ba tare da sun sani ba suna koyon sunkuyawa da zagaye bayan mutum. Na juyawa muka kira shi “waina”: ɗaya ya kwanta rub da ciki ya baje, ɗayan yana da ƙirga 20 ya juya shi. Jifan maki 4 da 5 kuwa na gaya musu akwai shi amma ba a yashinmu ba, sai ranar da suka je wurin masu katifa.

Allon rubuta maki ba mu da shi, sai muka samo gwangwanayen madara biyu, muka ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle ɗaya shuɗi, muka tara marafan kwalbar lemo. Alƙali ya ɗaga yatsu biyu, mai gwangwani ya jefa marfi biyu, ƙwal, ƙwal, kowa yana ji. Ba ya jefawa sai ya ga yatsun alƙali, ko da duk duniya na ihu. In lokaci ya cika a zazzage a ƙirga da ƙarfi, da Hausa, domin na lura in dai lissafi ne bakinsu Turanci yake fara kamawa.

Amma fa sai rikici ya tashi. Wani yaro mai wayo ya tambaye ni, “Yaya, jiya ka ce gwiwa ta taɓa ƙasa an ka da mutum, yau kuma ka ce in durƙusa in kamo ƙafarsa. Wanne ne gaskiya?” Na rasa amsa nan take, domin tambayar tana kan hanya. A kokawar gida durƙuso faɗuwa ne, a ta katifa kuwa da durƙuson ake kai hari. Abin da muka yi shi ne muka raba kwanakin. Alhamis ta gida ce, kaye ɗaya, babu gwangwani. Juma'a ta maki ce. Kuma kafin kowace karawa alƙali sai ya tambayi su biyun wace ƙa'ida ake kai, su amsa da bakinsu. Na gaya musu ko a ƙasar Hausa abin da wani gari ke kira kaye wani garin ba ya kiransa haka, shi ya sa baƙon ɗan kokawa mai hankali yake tambaya kafin ya tuɓe riga.

Alƙalanci kuwa kowa sai ya yi, bi da bi, kuma shi ne abin da suka fi tsoro. Yaro zai yarda a ka da shi sau 5 da ya yanke wa abokinsa hukunci sau ɗaya. Mutum guda ne ya fi kowa son aikin, wato ɗan maƙwabcinmu mai karyayyen hannu. Bayan ya warke yana zuwa ya zauna a kan katanga yana kallo. Na je na sami mahaifiyarsa na ce, “Iya, ba zai kama kowa ba, kowa ba zai kama shi ba, usur kawai zai riƙe.” Ta ce in dai usur ne ta yarda.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da abin ya karɓu, yaran Yarabawa na maƙwabta suka fara leƙowa, muka ce bismilla. A cikinsu akwai ɗan wani bakanike, sa'an autanmu, mai taurin tsiya. Wata Alhamis aka haɗa su, ɗan maƙwabcinmu ne da usur. Ranar kuwa mutane sun taru fiye da kullum, 'yan acaba da masu shayi da 'yan dako, can gefe kuma bakaniken da yaran garejinsa. Suka daɗe suna juya juna, can autanmu ya samu ƙugu ya ɗaga shi, suka tafi tare, ɗan bakanike ya sauka da baya. Wuri ya kaure da ihu, 'yan acaba har sun shigo fage za su ɗaga autanmu sama.

Ni kuwa ina tsaye daidai wurin, na ga gwiwar ƙanena ta dungura ƙasa kafin bayan yaron ya sauka. Abin da ya same ni ina ɗan shekara 13, shi ne sak. Kuma ba zan ɓoye muku ba jama'a, a cikin raina addu'a nake Allah ya sa alƙali bai gani ba. Ƙanena ne, mutanenmu ne cike da wurin, sa'an nan duk wanda yake garin nan a watan Fabrairun 2021 ya san yadda 'yar cacar baki a kasuwar Shasha ta zama gobarar da ta ci rayuka da dukiya. Tun daga lokacin duk inda na ga taron namu da nasu an fara ɗaga murya sai cikina ya ɗuri ruwa. Na duba wajen bakaniken na ga ya miƙe tsaye, shi ma ya gani.

Yaron nan ya kalle ni, ni kuma na sunkuyar da kai, ban taimake shi da komai ba. Sai ya busa usur ya ce kowa ya fita daga fage. Ya kira su biyun ya ce, “Wace ƙa'ida muke kai?” Suka ce ta gida. Ya ce da autanmu, “Nuna gwiwarka.” Ga yashi nan fal a gwiwar dama. Wani ɗan acaba ya ce ai bayan kayen ne ya shafa, yaron ya ce a'a, shi ya gani, gwiwa ce ta riga. Muryarsa tana rawa amma ya kama hannun ɗan bakanike ya ɗaga. Aka yi tsit na ɗan lokaci, sai Baba maigadi daga inda yake zaune ya ce, “Gaskiya tai, gwiwa ta riga.” Mutane suka fara watsewa ana ƙananan maganganu. Bakaniken ya zo ya dafa kan alƙalin ya yi masa addu'a da Yarabanci.

Autanmu ya ƙi ba da hannu, ya tafi gida yana kuka, ya ce na haɗa kai da bare an cuce shi. Ashe Baba yana tsaye daga bakin lungu ya ga komai. Da dare ya kira mu mu biyu. Ya ce da auta shekara 30 yana sayen goro hannun Yarabawa, wasu ko takarda ba ya rubuta musu, kuma abin da ya riƙe cinikin shi ne ƙwarya in ya ce ɗari ce to ɗari ce, ko mai kaya yana kallo ko ba ya kallo. Ya ce gobe ya je ya ba yaron nan hannu. Sa'an nan ya juyo kaina ya ce, “Kai kuma na ga ka sunkuyar da kai. Ka bar yaro ƙarami da kayan da kai ya kamata ka ɗauka.” Ban ce komai ba, domin babu abin cewa.

Auta ya je ya ba da hannun don dole, amma ya yi mako uku bai taka fagen ba, ko magana ba ya yi mini sosai. Ranar da ya dawo bai ce da kowa komai ba, ya karkaɗe gwiwoyinsa ya nuna wa alƙali ya shiga. Har yau in an tayar da zancen yana cewa shi bai ji lokacin da gwiwar ta taɓa ba, kuma na yarda da shi, domin ni ma a nawa lokacin ban ji ba. Ɗan maƙwabcinmu kuwa har yanzu bai taɓa kama kowa ba, mahaifiyarsa tana nan a kan bakanta, ni kuma ban sake roƙonta ba. Cikin yaran akwai biyu da nake kaiwa wurin mai horarwar nan ranar Lahadi, ya ce tsayuwarsu tana da kyau, saura su daina tsoron durƙuso.

Don haka 'yan uwa na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabon Shagamu, da na Ama Hausa a Owerri, da duk inda Allah ya ajiye mu, in wani yana da niyyar tara yara irin haka, ga abin da na koya da kuɗina da kunyata. Kada ka fara sai ka samu yashi mai kauri da izinin iyaye. Ka yi haƙuri da birgima har sai ka ga ba mai kafa hannu. Kowace ƙa'ida ka nemo mata wasa, kada ka yi ta dogon bayani. Ka faɗi ƙa'idar ranar kafin a kama, kada ka bari sai an faɗi. In kuma yaron da ka ba usur ya kalle ka a lokacin da wuri ya yi zafi, ka ɗaga kai ka tsaya kusa da shi, kada ka yi irin tawa.

Muna kuma neman taimako wurin dattawan da suka yi kokawa a gida kafin su gangaro kudu, na san suna nan da yawa cikin masu gadi da 'yan dako da mahauta. Akwai kamu da sunayensu da ni ban sani ba, Baba maigadi kuma ƙafa ta fara ba shi matsala. Duk wanda hanya ta biyo da shi Sabo ranar Alhamis bayan la'asar, ya tambayi inda yara ke kokawa, za a nuna masa.

Allah ya raya mana su, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalam.

Naku, ɗan mai goro daga Sabo.